Wutar da Ta Ƙi Mutuwa a Tanderun Gwaggo Gumsu

...to ai na rufe. Na rufe shi. Ga famfon nan a hannuna, na murɗa shi dama har ya tsaya, na ƙara murɗawa har fatar yatsana ta saluɓe — me kuma ya rage? In an rufe famfo, mai ya daina zuwa. In mai ya daina zuwa, wuta ta mutu. Wannan ba ra'ayina ba ne, ƙa'ida ce. Shekara uku na yi a makarantar koyon sana'a a Kaduna ina rubuta ta a jarrabawa ana ba ni maki. To ke wuta, wa ya ce miki ba kya cikin ƙa'ida?

Ga ta nan dai. Tana tasowa daga bakin tanderun Gwaggo Gumsu, ta kai tsayin ƙirjina, tana rangaji hagu da dama kamar wadda ba ta da wata damuwa a duniya. Tun hantsi. Yanzu inuwar katanga ta tattare ta koma gindin katanga, ladanin Rijiyar Lemo ya kusa gyaran murya... tun hantsi, jama'a, a cikin bazarar nan da ko ba wuta mutum gasuwa yake.

Natsu, Abdulgani. Daki-daki. Baturen da ya koya mana aikin inji kan ce inji ba ya taurin kai, mai shi ne ke da gaggawa. To, daga sama. Garwar kananzir, tana kan katakon da na kafa a jikin bango — lafiya lau. Bututun jan ƙarfe, ya fito daga garwa ya gangaro — lafiya lau. Famfo a tsakiya — a rufe. Bututun ya shiga ta hudar da na yi a gindin tanderu, ya ƙare a kan ɗan kaskon ƙarfe, mai yana ɗiga, ɗis, ɗis, wuta tana ci. Shi ke nan fa. Abu huɗu. Sau bakwai na zana shi a takarda, har da kibiyoyi, har da sa hannu a ƙasa...

Kada ka juya. Gwaggo tana bayanka.

Zaune take a kujerarta 'yar tsugunno, tsumman shafe bangon tanderu a hannunta, tana jiƙa shi yana bushewa, tana sake jiƙawa. Da ma faɗa ta yi. Da ta zage ni da Barbarcin nan na kakanninmu da rabinsa kawai nake ji, da na san inda zan sa kaina. Amma shiru? Magana ɗaya ta yi, tun ɗazu: bango ya ɗauki zafi, in kashe mata ita ta fara liƙi. Kamar mai cewa miƙo min ludayi. Ni kuwa na ce an gama, na gyara zaman hula, na murɗa famfo da yatsa biyu kacal, don 'yarta Zaituna ta gani.

Gurasa ɗari biyu.

Ɗari biyu, bayan la'asar, a gidan Baba Yekini mai yadi a Sabon Gari. Matarsa Iya Wasilat ta yi jikan fari, namiji, da safen nan aka raɗa suna, mata suna can sun cika gida suna yini. Da ƙafarta ta tako har Fagge ran Juma'a, ta zauna a tabarmar can, ta ce 'ya'yanta biyar duk da gurasar Gumsu aka yi sunansu, jikanta ba zai fara duniya da ta wata ba. Gwaggo ta ce in Allah ya kai mu. Ni kuma — wa ya tambaye ni? — na leƙo daga zaure na ce, Iya, wannan karon ma za ki ci gurasar zamani.

Gurasar zamani. Bakina, bakina.

Ga kwaɓin can a inuwa, ƙwarya shida, an rufe da faifai. Yana tashi. Na farko har ya ɗaga faifan ya sa shi a karkace kamar hular ɗan kamasho. Shi ma ba ya jiran kowa. In ya wuce lokacinsa ya yi tsami, in ya yi tsami sai awaki...

Kuma abin haushin — ita gurasa ba wuta take so ba. Zafin da wuta ta bari take so. A cinna kara, ya ci bal-bal, ya mutu, a shafe bango da jiƙaƙƙen tsumma, a zura hannu har kafaɗa a liƙa, a rufe. Duk sana'ar a mutuwar wutar take. Ni kuwa wata guda na yi ina tunanin yadda za ta kama. Yadda za ta mutu? Layi ɗaya na ba shi a takarda: a rufe famfo.

Sylvester ne. Sylvester ɗin nan na Sabon Gari, shi ya cuce ni. Yana zaune tsakanin gawarwakin motoci, singileti duk baƙin mai, ya zaro famfon daga tankin wata tsohuwar motar roka, ya hura shi, ya sumbace shi, ya rantse mini da Hausarsa mai gudu cewa in aka rufe wannan ko iska sai ta nemi izini. Na yarda. Don me na yarda? Don ya kira ni Injiniya. Shi ya fara kirana Injiniya a garin nan, ban ko gama sallama ba...

Sifana. Ina sifana? Kwance shi. Da zafi, wayyo, riƙe da bakin riga. Sa baki, hura. Hura da ƙarfi... ko kaɗan ba ya wucewa. Kumatuna har sun yi ciwo.

Sylvester, ka yafe ni. Famfonka mutumin kirki ne.

"Injiniya, wai a Kaduna ka baro girarka, ko aro ka bayar?"

Zaituna ke nan. 'Yar Gwaggo, taubashiyata, 'ya'yanta uku amma har yau in ta gan ni sai ta tuna ta girme ni da wata biyu. Ta zo taya uwarta aiki, ta sami kallo kyauta. Bokiti cike da ruwa a hannunta, tana lilo da shi. A'a. A'a, Zaituna, na ce kada ki soma. Ruwa a kan kananzir? Ruwa a kan tanderun da ya yi ja? Tsagewa zai yi gida biyu, wutar ta hau kan ruwan ta bi tsakar gida kamar ta hau jaki... Na bayyana mata, har da nauyin mai da nauyin ruwa. Ta ce ita ba ta yi Kaduna ba, amma tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin wutar da ta gagari bokiti ba sai da na dawo da takarda.

Girata. Bari in shafa... babu. Sumul. Da na ƙyasta ashana da safe na zura, wani bum ya taso ya mare ni a fuska, na ja da baya na ce haka yake farawa. Haka yake farawa! Ina na taɓa ganin ya fara?

Ba don neman suna na yi ba. To — ba don suna kaɗai ba. Ranar da na sauka daga jirgin ƙasa na miƙa wa Gwaggo takardar gama makaranta, ta kai ta kusa da fuska, ta matsar, ta sake kawowa, idanun ja wur, ruwa yana bin kumatu. Na ce kukan murna ne. Zaituna ta ce wace murna, kullum haka suke, hayaƙin kara ne na shekara talatin. Shekara talatin tana sunkuye a bakin ramin nan. Da shi ta riƙe ni tun da ƙanenta, mahaifina, ya rasu, da shi aka ɗinka mini wandon makaranta na farko... Na ce a raina, idon nan ba zai ƙara shan hayaƙi ba. Wuta mai tsabta, shuɗiya, a buɗe ta zo, a rufe ta tafi. In ta yi kyau a nan, sai gidan Kubura mai waina. Sai duk Fagge. Kafin a ba mu mulkin kai ba macen da za ta ƙara ɗaukar damin kara a ka. Har allo na hango, fari da baƙin rubutu, Abdulgani da 'Ya'yansa, ga shi ko mata ban yi ba — kuma in aka haɗa sarƙar keke da fanka a gefen hudar, iska ta riƙa...

Kai. Wuta, Abdulgani. Wutar da ke gabanka.

Shuɗiya? Wannan ja ce, mai baƙin kai, tana tofar da hayaƙin da kara bai taɓa mafarkin yi ba. Kuma ina jin Gwaggo tana jan hanci a bayana.

To, a yanke mata abinci daga tushe. Matse bututu da filaya — na matse. Lanƙwasa shi — na lanƙwasa. Har yanzu? To sauke garwar gaba ɗaya, a kai ta zaure, a kai ta kasuwar Kurmi in ta kama, mu ga abin da za ki ci. Hau turmi. Riƙe da hannu biyu, galan huɗu ba wasa ba, ɗaga da ƙar—

Saura kaɗan in faɗi ta baya.

Ba nauyi. Girgiza... ɗan tsalam-tsalam a ƙasa, bai fi cikin kwalba ba. Galan huɗu na zuba ran Litinin, da hannuna, na cika ta har wuya. Yau Alhamis. Yau kaɗai aka kunna. A ɗis-ɗis ɗin da na auna, daga hantsi zuwa yanzu ko rabin galan bai ci a ce... to ina sauran? Ɓarawo? Wane ɓarawo ne zai tsallako katanga ya tsiyaye mai ya mayar da murfi ya goge garwa?

Dole in juya.

"Gwaggo, akwai wanda ya taɓa famfon nan?"

"Ba kowa. Ni kaɗai, yadda ka ce."

Yadda na ce. Me na ce? Ran Litinin, na gama liƙe bututu da laka, na ce tanderu ya huta kwana uku a rufe har lakar ta bushe, na ce... na'am, na ce ta ɗan buɗe famfon kada ya cije. Ta ɗan buɗe. Ban ce ta rufe ba. Wa ke cewa a rufe? Ai kowa ya san...

Tana ba ni labari a hankali, tana matse tsumma. Wai ta buɗe, ta ɗaga murfi ta leƙa, duhu, ba ta ga komai ba. Ta kasa kunne, ba ta ji komai ba. Sai ta ce a ranta bai zo ba tukuna. To famfon unguwa in ba ruwa yaya ake yi? Barinsa ake a buɗe, a ajiye tulu, kowa ta koma aikinta, in ya zo a ji. Haka ta yi. Litinin. Talata. Laraba. Kullum ta je ta kasa kunne, shiru. Yau da asuba, kafin in shigo daga shago, ta lallaɓa ta rufe shi, wai kada in zo in tarar famfona bai kawo komai ba in ji kunya a gaban Zaituna.

Kada in ji kunya.

Ya Allah... kuma na ji warin. Tun Talata nake jinsa, har cikin tuwo. Zaituna ta yi magana na ce mata haka sabon inji yake, ƙamshin ci gaba ne, hancinta ne bai saba ba.

Kasko ya cika ya tumbatsa, ya zuba a ina? A toka. Tokar nan. Sharaɗi ɗaya Gwaggo ta kafa mini kafin ta yarda: in huda duk inda nake so, amma kada in kwashe tokar ƙasa, tun ta mahaifiyarta Yagana ce ake tarawa a kai, ita ke riƙe zafi. Zurfinta ya kai kamu guda. Na ce toka ai ba ta cikin lissafi, a bar ta. Kwana uku tana sha. Shiru, kamar raƙumin da ya iso rijiya. Ba bututu ke ciyar da wutar nan ba, tun safe ba shi ba ne, ni ina nan ina kokawa da famfo, ashe tanderun ne kansa... na ƙera lagwanin da ya fi kowane girma a Jihar Arewa. Fitila ce, jama'a. Fitila na yi wa Gwaggona, mai shan galan huɗu.

Lissafa. In tana cin kwalba ɗaya a sa'a, galan kwalba shida, uku da rabi sau shida... gobe da safe. Jaririn Iya Wasilat ya kwana da sunansa, baƙi sun watse, wutata tana nan tana rangaji.

A'a. Tsaya. Wuta ƙafa uku gare ta kamar murhu: mai, zafi, iska. Mai ya fi ƙarfina. Zafi shi muke so. Iska — shaƙe ta! Zare bututun, jefar. Laka, ina laka? Kwaɓa ƙasar gindin randa, cusa a hudar. Hudata. Kwana biyu na yi ina huda ta da ƙusa, a hankali, kamar mai yi wa jariri kaciya, ga shi ina toshe ta da tafin hannu. Murfin ƙarfe. Buhunan gyaɗa, a jiƙa su — yauwa, Zaituna, ga amfanin bokitinki — ɗora, ɗora wani, danne da dutsen niƙa.

Hayaƙi. Baƙi ƙirin, yana fita ta ko'ina, ya haye katanga. Sallama a zaure, muryoyin maza, ana tambaya ko gobara ce a kawo ɗauki. Zaituna ta leƙa, ina jin ta tana ce musu su kwantar da hankali, ba gobara ba ce, boko ne.

Suna dariya. Fagge za ta ji kafin magariba, 'yan tebur, masu ɗinki, har direbobin tasha. Bari su ji. Ya isa? Ya isa mana, ai na ƙirga ɗari. Ɗaga gefe kaɗan in le—

Bum.

Gashin baki kuma. Wata shida ina tattalinsa.

Rufe, rufe, danne. Gaggawa ce, Bature ya faɗa. Ga kiran azahar. Alwala... ruwan da ke sauka daga fuskata kamar tawada. Ina salla ina jin murfi yana ƙas-ƙas, Allah ka gafarta mini, a raka'a ta uku tunanin iska nake. Na sallame. Kada ka taɓa. Zauna. Kalli kwaɓi — ƙwarya ta biyu ta yi ambaliya, yana gangarowa ta gefe a hankali kamar mai neman hanyar gudu. Jirgin sama ya taso daga filin can ya bi ta kanmu, ƙarfe mai ɗauke da mutum arba'in, wani ya ƙera shi, in ya ce tsaya ya tsaya... ni tukunyar ƙasa ta gagare ni.

Inuwa ta fara fitowa ta gabas. Taki ɗaya. Taki biyu. Gwaggo ba ta motsa ba. Me take tunani? Ko tana lissafin gidajen da za ta aika aron tanderu? Wa zai ba ka tanderu da rana tsaka, kowa da nasa kwaɓin? Kuma Gumsu ta yi aro? Gumsu da ake cewa...

Hayaƙi ya ragu. Ya zama fari. Ya tsaya.

Bismillah. Sauke dutse. Janye buhu. Ɗaga murfi da sanda, daga nesa, fuska a can gefe — abin da ya rage mini gashin ido ne, ba zan bayar ba.

Duhu.

Duhu, jama'a. Ta mutu. Miƙa hannu... bango yana huci, zafi mai kyau, daidai, irin wanda ake so. Alhamdulillahi. Ka gani? Ilimi ne ya kashe ta, ba bokiti ba. Zaituna, rubuta ki ajiye. Kuma ai yanzu na gane gyaran: kasko mai zurfi, da ɗan gilashi a jikin bututu yadda mai buɗewa zai ga ɗigar da idonsa, da wani ƙarfe mai mayar da famfo da kansa in an saki, kamar na ƙofar ofis, gobe tun da sassafe in je wurin Sylvester in ce masa...

Gwaggo ta miƙe. Gwiwoyinta sun yi ƙara. Ta zura hannu har kafaɗa, ta shafe bango, ta fito da tsumma baƙi. Ta ɗauki wani. Ta shafe. Wani kuma. Na huɗu ya fito da ɗan dama. Ta gutsiri kwaɓi, ta mulmula, ta faɗaɗa tsakanin tafukanta, tas, tas, ta liƙa. Guda ɗaya. Me ya sa guda ɗaya? Bangon yana ɗaukar ashirin. Lokaci, Gwaggo, lokaci... Ta rufe. Ta tsaya, hannu a ƙugu, tana kallon katanga.

Ta buɗe. Ta ɓamɓaro ta.

Kai, ka ga gurasa. Ta kumbura, bayanta ja-ja, gabanta fari da ɗigon ƙuna, tururi yana tashi. Ko a zamanin kara ban ga wadda ta fi ta ba. Gurasar zamani, Iya Wasilat, ban faɗa ba? Zafin ya ratsa ko'ina daidai, saboda bangon ya daɗe yana...

Ni take miƙo wa.

"Ungo. Yau kai ne mai tanderu. Ci ka gaya mini."

Da zafi. Gutsira. Laushi kamar auduga. Sa a baki, tauna...

Fitila. Kamar na lashi gindin fitila. Ya bi harshe, ya hau hanci, ya fito ta ido. Ƙasan cikinta, gefenta, ko'ina — bangon ma ya sha, ba tokar kaɗai ba, tururinsa ya shiga lakar kanta, yau, gobe, wata mai zuwa, wa ya sani...

Tauna. Kada fuskarka ta nuna. Wace fuska, ba gira ba gashin baki, me zai ɓoye ta?

In na ce ta yi — saura ɗari da casa'in da tara, ta liƙa su kafin la'asar tsaf, a jera a faranti, matan Sabon Gari su ci, su yi gyatsa, su dubi juna, su ce wannan ta wace ce? In na ce ba ta yi ba — ƙwarya shida, da Iya Wasilat a bakin ƙofa tana duban hanya, da hannu wofi.

Ta sani. Macen da ke gane kwaɓi ya tashi daga cikin ɗaki, da hanci kawai? Tun kafin ta ɓamɓaro ta ta sani. Ba labari take nema ba. Daga bakina take so ya fito.

Zaituna ta ajiye bokiti. Ko dariya ba ta yi, wannan ya fi komai muni.

Sallama a zaure. Muryar mata, biyu ko uku, Hausa mai karin Yarbanci, da ƙarar farantai suna gogar juna. Wai Iya ta ce su zo da wuri su taya ɗauka.

"Yaya?" in ji Gwaggo.

Ina taunawa. Ina ta taunawa... ta ƙi wucewa.